Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Auna Saurin Saukar Abinci Daga Tumbi, Kuma Me Ya Sa Sakamako Ke Bambanta?

TAMBAYA: Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon sukari. A 'yan watannin nan, da ta yi loma kaɗan sai ta ce ta ƙoshi, cikinta ya kumbura, wani lokaci ma da la'asar ta yi aman abincin da ta ci tun da safe. Mun kai ta asibiti a ƙasar waje, aka yi mata wani gwaji da ƙwai da burodi, aka ce tumbinta yana jinkirin sauke abinci. Bayan 'yan makonni aka maimaita gwajin, sai aka ce wannan karon kusan daidai yake. Abin ya ɗaure mana kai. Don Allah yaya ake auna wannan abu, kuma wane sakamako za mu gaskata? Daga wata mai karatu a Katsina.

AMSA: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita. Bari in fara da kwantar miki da hankali. Samun sakamako biyu da suka saɓa wa juna a wannan gwaji sanannen abu ne wurin likitocin ciki, kuma ba lallai ne a ce wani ya yi kuskure ba. Tumbin ɗan Adam ba ya aiki da sauri ɗaya kullum. Kowane sakamako labarin rana guda yake bayarwa, da abinci guda, a yanayi guda. Idan kika fahimci yadda ake yin awon da abubuwan da ke motsa shi, za ki san tambayoyin da ya kamata ki yi wa likitanta.

Yadda tumbi ke sallamar abinci

Tumbi jaka ce ta tsoka mai aiki biyu. Sashensa na sama yana buɗewa ya ajiye abin da aka haɗiya, na ƙasa kuma yana matsawa yana niƙa, kamar sau 3 a kowane minti. A ƙarshensa akwai wata ƙofa ta tsoka mai kama da zobe, wadda ke buɗewa zuwa ƙaramin hanji. Bayan cin abinci, wannan ƙofa ba ta barin komai ya wuce sai wanda ya yi laushi, girmansa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Aikin ya yi kama da daka da tankaɗe: garin da ya yi laushi ya wuce rariya, tsakin kuma a mayar da shi turmi a sake dakawa.

Shi ya sa ruwa da abinci mai ƙarfi ba sa tafiya tare. Ruwa zalla a cikin da babu komai, rabinsa kan wuce cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Tuwo ko nama kuwa sai sun ɗan zauna tukuna ana niƙa su, kafin su fara sauka a hankali cikin sa'o'i. Ƙaramin hanji ma yana da ta cewa. Idan ya ji maiƙo ko tsami ya yi yawa a abin da ke zubo masa, sai ya saki wasu sinadarai su umarci tumbi ya rage gudu. A mai lafiya, tumbi yana miƙa wa hanji abin da ya kai kalori 1 zuwa 4 ne kawai a minti. Abin da ya ƙi niƙuwa, kamar zaren ganye mai tauri, yakan jira sai ciki ya zama wayam, sannan wata matsa mai ƙarfi da ke zuwa kusan duk minti 90 zuwa 120 ta share shi gaba.

Duk wannan yana tafiya ne da umarnin wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, da wasu ƙwayoyin halitta a bangon tumbi masu tsara lokacin matsawa. Ciwon sukari da ya daɗe ba a shawo kansa ba yana iya lalata su duka biyun. Nan ne kasalar tumbi, wadda likitoci ke kira gastrofaresis, take samo asali ga masu irin lalurar Hajiya.

Daga zare zuwa kyamara

Mutum na farko da ya yi fice wajen auna zaman abinci a tumbin mai rai shi ne William Beaumont, likitan sojan Amurka. A shekarar 1822, a tsibirin Mackinac, harbin bindiga ya sami wani matashi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar rami daga fata har cikin tumbi. Beaumont ya riƙa ɗaura gutsuren nama ko burodi a zare yana zurawa ta ramin, yana zarowa bayan lokaci ya ga yadda ya narke. Ya wallafa abin da ya gano a 1833. Tun a lokacin ya lura cewa idan St. Martin ya fusata ko zazzaɓi ya kama shi, aikin tumbinsa yakan canza.

Bayan gano hoton eksire a 1895, Walter Cannon, wanda a lokacin ɗalibin likitanci ne a Jami'ar Harvard, ya riƙa cuɗa abinci da sinadarin bismot yana ba kyanwoyi, yana kallon motsin tumbinsu. Shi ma ya ga cewa da kyanwa ta tsorata ko ta harzuƙa, sai motsin ya tsaya cik. Kin ga ke nan, tun ranar da aka fara awon aka san cewa abin da ake aunawa mai sauyawa ne.

Gwajin da aka yi wa Hajiya

Gwajin ƙwai da burodin da kika ambata shi ne wanda aka fi dogara da shi a duniya, kuma da shi ake gwada ingancin sauran. An fara bayyana irinsa a Birtaniya a 1966. Ana cuɗa ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda ake kira teknishiyam, a cikin farin ƙwai kafin a dafa, don ya manne da abincin. Mai jinya ya ci, sai a tsayar da shi gaban wata kyamara ta musamman mai ganin wannan tururi, a ɗauki hoto ta gaba da ta baya, kwamfuta ta ƙirga kashi nawa ya rage a tumbi. Sinadarin kaɗan ne, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk sa'a 6, amma duk da haka ana kauce masa ga mai juna biyu.

A da, kowane asibiti da irin abincinsa da tsawon lokacinsa, har ya zama ba a iya kwatanta sakamakon wani wuri da na wani. A 2008 ƙungiyoyin ƙwararru biyu a Amurka suka amince da tsari guda: farin ƙwai daidai da na manyan ƙwai biyu, yanka biyu na farin burodi, jam giram 30, da ruwa mililita 120, jimilla kusan kalori 255. A cinye cikin minti 10 bayan an kwana ba a ci komai ba. A ɗauki hoto nan take, sannan bayan sa'a 1, sa'a 2 da sa'a 4. Idan abin da ya rage ya haura kashi 60 cikin 100 a sa'a ta biyu, ko ya haura kashi 10 cikin 100 a sa'a ta huɗu, an sami jinkiri. Idan kuma ƙasa da kashi 30 ne ya rage tun a sa'a ta farko, to saukar ta yi sauri fiye da kima, wanda shi ma wata lalura ce da ake gani ga wasu masu ciwon sukari da waɗanda aka yi wa tiyatar tumbi.

Hoton sa'a ta huɗu shi ne mafi muhimmanci. Gwajin da aka tsayar a minti 90 ko sa'a 2 yakan kuskure masu jinkiri da dama, domin akwai tumbin da ke farawa da kyau sai daga baya ya gaji.

Sauran hanyoyi

Akwai gwajin numfashi, wanda masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka gabatar a 1993. Ana sa wani nau'in kabon mara tururin nukiliya a cikin abincin. Idan abincin ya bar tumbi, hanji ya tsotse shi, hanta ta sarrafa shi, sai alamar ta fito ta huhu. Mutum yana hura iska cikin 'yan kwalabe lokaci bayan lokaci na tsawon sa'o'i, daga nan a lissafa saurin saukar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa a 2015. Amfaninsa shi ne ana iya yi wa yara da masu juna biyu, kuma ana iya aika kwalaben wani gari a auna. Rauninsa shi ne awo ne na zagaye. Idan hanta, huhu ko hanjin mutum na da matsala, lissafin yana iya karkacewa.

An kuma ƙirƙiro wani ƙwanso mai na'ura a ciki, da ake haɗiya kamar ƙwayar magani, yana aiko da bayanin tsami da matsi da zafin inda yake. Tumbi wuri ne mai tsananin tsami, ƙaramin hanji kuwa ba haka yake ba, don haka da tsamin ya faɗi farat ɗaya an san ƙwanson ya fita. Idan ya wuce sa'a 5 a tumbi, ana ɗauka akwai jinkiri. Sai dai ƙwanson ba ya niƙuwa, yana jiran matsar nan mai share ciki ne, saboda haka ba koyaushe sakamakonsa ke dacewa da na gwajin ƙwai ba.

Sikanin da ake yi wa masu juna biyu shi ma ana iya auna faɗin ƙasan tumbi da shi. Ba shi da tsada kuma ba shi da illa, amma ya fi dacewa da abu mai ruwa, kuma ya dogara da ƙwarewar mai riƙe da na'urar. Likitocin sa barci suna amfani da shi kafin tiyata don su ga ko ciki wayam yake, tun da aman da ya koma huhu a lokacin barcin tiyata yana da haɗari ƙwarai. Wannan ne dalilin da ake hana abinci mara nauyi sa'a 6 kafin tiyata, ruwa zalla kuma sa'a 2. Na'urar MRI tana ba da hoto mai kyau sosai, amma tsadarta ta sa aka fi barin ta ga bincike. Masu bincike kuma kan ba da farasitamol a abin sha su riƙa auna shi a jini, saboda sai ya isa ƙaramin hanji jiki ke tsotse shi. Wannan saukar ruwa kawai yake nunawa.

Me ya sa sakamako biyu suka bambanta?

A asibitin Mayo da ke Amurka an taɓa yi wa masu fama da ciwon ciki su 60 gwajin kyamarar nan sau biyu, tsakanin kusan mako biyu. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna cewa a kusan kashi 30 cikin 100 nasu, hukuncin ya canza tsakanin gwaji na farko da na biyu. Wani babban bincike na cibiyoyi da dama a Amurka, wanda aka wallafa a 2021, ya sake auna marasa lafiya bayan kusan shekara guda, ya tarar kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka ce suna da jinkiri sun koma cikin masu saukar daidai, alhali damuwarsu ba ta canza sosai ba. Abin da ya faru da Hajiya yana faruwa ko a wuraren da suka fi kowa ƙwarewa.

Dalili na farko shi ne iyakar da aka shata. A misali, idan a gwajin farko kashi 13 ya rage a sa'a ta huɗu, a na biyu kuma kashi 9, takarda ɗaya za ta ce jinkiri, ɗayar ta ce daidai, alhali tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Don haka ku nemi alƙaluman kansu, kada ku tsaya ga kalmar da aka rubuta a ƙasan takarda.

Na biyu, wanda ya fi shafar Hajiya, shi ne yawan sukari a jini a safiyar gwajin. Sukari idan ya hau yana rage gudun tumbi nan take, ko ga mai lafiya, idan ya faɗi ƙasa kuma yana hanzarta shi. Tsarin 2008 ya ba da shawarar kada a yi gwajin idan sukari ya haura 275 a ma'aunin mg/dL, wato kusan 15 a ma'aunin mmol/L. Idan ranar farko sukarinta na sama, rana ta biyu kuma ya daidaita, wannan kaɗai ya isa ya kawo bambanci.

Na uku magunguna. Masu kashe zafi irin su tiramadol da kodin suna daskarar da tumbi da hanji. Maganin murɗar ciki irin Buscopan da wasu magungunan damuwa suna rage motsi. Sababbin alluran ciwon sukari da rage ƙiba, irin su Ozempic, jinkirta saukar abinci yana cikin yadda suke aiki. A ɗaya gefen kuma, metokulofiramaid da domferidon da eritiromaisin suna hanzarta shi. Shi ya sa akan dakatar da yawancin irin waɗannan kwana 2 zuwa 3 kafin gwaji, bisa umarnin likita. Taba sigari da wiwi su ma suna jinkirta shi.

Sai sauran abubuwa. Tumbin mata, a jimlace, ya fi na maza jinkirin sauke abinci mai ƙarfi. Da yamma saukar ta fi ta safe nawa. Kwanciya ta gefen dama tana taimaka wa ruwa ya wuce fiye da ta gefen hagu. Zafin ciwo, fargaba da tashin zuciya duk suna rage gudu. Idan kuma mai jinya ba ta iya cinye abincin gwajin duka ba, ko ta amayar da wani sashe, alƙaluman ba za su yi daidai da ma'aunin ba.

Irin abincin ma babban lamari ne, kuma a nan akwai binciken da ya shafe mu kai tsaye. A Bamako ta ƙasar Mali, masu bincike tare da Jami'ar Purdue ta Amurka sun yi amfani da gwajin numfashi, suka wallafa sakamako a 2018. Sun tarar tuwon dawa da na gero da dambun gero sukan ɗauki kusan sa'a 5 kafin rabinsu ya bar tumbi, shinkafa da dankalin turawa da taliya kuwa kusan sa'a 3. Wannan ya yi daidai da abin da manomi da mai sahur suka daɗe da sani, cewa tuwon dawa yana riƙe ciki. Amma da aka gwada abincin gero a kan mutanen Amurka, ba a ga irin wannan tazara ba. Ke nan abin da ciki ya saba da shi ma yana iya yin tasiri, kuma alƙaluman ƙwai da burodi ba su ne za su faɗa mana sa'o'in da tuwon dare zai yi a cikin Hajiya ba.

Abin da ya kamata ku yi

Da farko ku tabbatar an leƙa tumbinta da bututun nan mai kyamara da ake zurawa ta baki. Ba a yanke hukuncin kasalar tumbi sai an tabbatar babu abin da ya toshe ƙofar, domin tabon gyambon ciki ko ƙari suna kawo alamomi iri ɗaya, kuma maganinsu daban ne. Wannan binciken ana samun sa a manyan asibitocinmu. Gwajin kyamarar nukiliya kuwa cibiyoyinsa kaɗan ne a Nijeriya, sanannu su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, don haka likitocinmu sukan dogara da tarihin ciwo, da leƙen tumbi, da yadda jiki ya karɓi magani.

Sannan ki ɗauki takardun biyu ki kai wa likitanta, ki tambaye shi: abinci iri ɗaya aka ba ta duka biyun? An kai sa'a 4 ana ɗaukar hoto? Nawa ne sukarinta a kowace safiya? Waɗanne magunguna take sha a lokacin, har da na gargajiya da na kemis? Ta cinye abincin duka? Gwajin da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ya fi cancanta a ba shi nauyi. Idan duka biyun sun cika su, to tumbin Hajiya yana kusa da iyaka ne, wata rana ya ƙetare, wata rana ya dawo, kuma likita zai yi mata magani bisa abin da ke damun ta.

A gida, ku rage yawan abin da take ci a zama ɗaya, ku ƙara yawan lokutan, kamar sau 5 ko 6 a rana. Ku rage maiƙo da soye-soye da ganye mai zare da yawa. Abinci mai laushi ko wanda aka markaɗa, irin fate mai ruwa-ruwa, farfesun kifi mara mai da yawa, ko kunu ba sukari a daidai gwargwadon da aka ƙayyade mata, ya fi saurin wucewa. Ta tauna sosai, ta zauna a miƙe ko ta ɗan taka bayan ci, kada ta kwanta sai bayan sa'a 1 zuwa 2.

Idan tana allurar insulin, ku sa ido ƙwarai. Allurar tana iya fara aiki alhali abincin yana nan zaune a tumbi, sai sukari ya faɗi, daga baya kuma ya yi sama. Likita ne zai daidaita lokacin allurar, kada ku canza da kanku. Haka ma batun azumi, a tattauna da shi tun kafin watan ya kama. Kada kuma a riƙa sayen metokulofiramaid ana sha ba iyaka, domin daɗewa a kansa yana iya jawo motsin baki da fuska da mutum ba ya iya tsayarwa, musamman ga tsofaffi, kuma wani lokaci ba ya warkewa.

Idan kuwa kuka ga jini a amai, ko baƙin bayan gida, ko tana ramewa, ko haɗiya na yi mata wuya, ko ruwa ma ba ya zama a cikinta, ku garzaya asibiti a ranar, kada ku jira wani gwaji. Allah ya ba Hajiya sauƙi mai ɗorewa, ya ba ku ladan jinya.